Kura da Tauraron da Ya Faɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Da magariba Kura tana gadin tumakinta, sai tauraro ya tsinko ya faɗi. Gizo ya dafe kai: "Wayyo! In tauraro ya faɗi, wani babba zai mutu."

Kura ta bugi ƙirji: "Duk dajin nan wa ya kai ni girma? Ni ce!"

"To yaya, yi sadaka tun da sauran numfashi."

Ta ba shi tumakin kaf, ta miƙe ƙafa tana jiran ajali. Gari ya waye, ba abin da ke damunta sai yunwa. Ta ruga gidan Gizo, ta tarar da ƙasusuwa.

Gizo ya leƙo daga saman tsamiya: "Barka, yaya! Ashe ba ki kai ba."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!