Shingen Ƙarfe Tsakanin Akuya da Mangwaro

Ku gyara zama, yau na zo muku da maganar da ba ni zan yanke ta ba, ku ne za ku yanke. Wanda ya san bakinsa ba ya haƙuri ya daure ya riƙe shi har in kai aya.

A Malumfashi an yi wani dattijo, Malam Sallau, manomin lambu ne tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce masa ya isa haka. Matarsa ɗaya, Inna Kulu, tare suka yi furfura. Duk unguwa an san su da hali iri ɗaya: in suka furta magana, ko za ta ci su ba sa janye ta. 'Ya'yansu uku kowa ya kama gabansa. Babban, Shu'aibu, yana sana'ar gwangwan, wato sayen tsofaffin ƙarafa. Mai bi masa, Nafi'u, mai walda ne. Ƙaramarsu Ladidi tana aure a Funtuwa.

Mahaifin Malam Sallau ya bar wata bishiyar mangwaro a bakin tsohuwar garkarsu, irin mangwaron nan da ba shi da zare, wanda in an yanka a zaure ake jin ƙamshinsa har cikin gida. Da aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kanta, kafin masu zarto su iso sai Malam ya dogara sandarsa ya je ya yanko 'yan rassa masu ido, ya dawo gida ya yi musu aure. Ga wanda bai sani ba, auren mangwaro shi ne a tsaga ƙaramin dashe, a soka reshen bishiyar da ake so a ciki, a naɗe da leda. In Allah ya sa sun karɓi juna sai su girma abu ɗaya, su haifi irin 'ya'yan uwar reshen. Ya jera dashen a tsakar gida, kusa da inda ruwan rijiya ke gangarowa. An sare uwar, saboda haka abin da ke tsakar gidan nan shi ne kaɗai ya rage na mangwaron ubansa a duniya.

Ita kuwa Inna Kulu tana da akuya. Uwar akuyar ta mutu wajen haihuwa, Inna ta ɗauki 'yar tana jiƙe ta naɗe a zani, ta shayar da ita da fida kamar jariri, ta raɗa mata suna Auta. Ladidi ta sha yin mita cewa an ƙwace mata suna an ba dabba. Auta ba ta san turke ba. In Inna na tankaɗe tana gefenta, in ta shiga ɗaki tana kwance a bakin ƙofa. Tun da yara suka watse, da akuyar nan Inna take hira, kuma ni ban ga laifinta ba, don Malam Sallau ba mutum ne mai yawan magana ba.

To, kun san akuya da sabon toho. An kewaye dashen da ƙaya, ta bi ta ƙarƙashi, ƙayar kuma ta soki Inna a diddige. An kafa zana, ta cinye zanar sannan ta wuce ga abin da ke bayanta. An kafa itace, gara ta gama da shi kafin damina ta raba. Ranar da Malam ya ɗaure ta da igiya, ta yi kuka har muryarta ta dishe, Inna kuma ta ƙi cin abinci sai da aka kwance ta. A haka dashen suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda.

Wata safiya Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da Auta ta tsaya da ƙafafun baya tana miƙa wuya ga wannan gudan. Ya kore ta, ya ce, "Na rantse da Allah, ranar da akuyar nan ta sa baki a mangwaron nan, ranar za a ci namanta."

Inna ta ajiye tsintsiya ta ce, "To Malam, ni ma ka ji tawa. Ranar da wuƙa ta hau wuyanta, ranar zan bar maka gidanka."

Shi ke nan, magana ta fita. Daga ranar tuwo a bakin ɗaki ake ajiye masa, ba sannu ba ina gajiya. Malam ya shimfiɗa buzu kusa da dashen ya zauna gadi da sanda, har jam'i ya fara wuce shi. A ransa kuwa tsoro ne fal. Ya san shi tsoho ne, gyangyaɗi na ɗaukarsa da rana tsaka, akuya kuma ba ta gajiya da jira. Ya san in ta ci zai yanka, don ya rantse. Ya san in ya yanka Kulu za ta ɗaure kayanta, don bai taɓa jin ta faɗi abu ta fasa ba. Yana son mangwaron ubansa, amma in ya dubi tsohuwar nan tana wucewa ba ta kallonsa sai ya ji abinci ya fita ransa. Maƙwabta suka ce a ja katanga kawai a tsakar gida. Nan ne kaɗai bakin Malam da Inna ya zo ɗaya, suka ce a'a, katanga a tsakar gida alamar an raba gado ce, su kuwa ba su mutu ba tukuna. Ga shi a filin ake shanya, a nan ake zaman suna da biki.

Shu'aibu ne ya fara zuwa. Ya zauna ya dubi ubansa a kan buzu, ya dubi akuya. A yawon sana'arsa ya taɓa ganin wani shinge na ƙarfe da ake jerawa a wajen taro don tare mutane, in an tashi a kwashe. Sai ya ce a ransa, abin da ya tare mutum zai tare akuya, kuma gara ba ta cin ƙarfe, abin da ake ɗagawa kuma ba wanda zai kira shi katanga. Kafin shi ba wanda wannan tunani ya zo wa. Sai dai irin ƙarfen da ake bukata, siriri miƙaƙƙe mara tsatsa, ba ya zama a tarin gwangwan, da ya shigo ake rububinsa. Irinsa da Shu'aibu yake da shi kawai shi ne wanda ya daɗe yana tsincewa sanda-sanda yana ɓoyewa don tagogin gidan da yake ginawa, shi da iyalinsa suna zaman haya suna jiran ranar tarewa. Ya buɗe ɗakin ajiya ya loda shi duka a kura, har da wata raga da ya tanada don kejin kajin matarsa, ya tura zuwa shagon ƙanensa. Ginin nasa ya sake shan wata damina tagogi a toshe da bulo.

Nafi'u ya karɓi ƙarfe, amma bai kunna inji ba sai da ya zo gida ya wuni yana kallon akuya. Ya ga iyakar tsayin da take kaiwa in ta miƙe, ya riƙe ta ya gwada faɗin bakinta da yatsunsa, ya lura da yadda take cusa ƙaho ta ɗaga abu daga ƙasa. Sannan ya koma ya ajiye aikin ƙofofin da mutane ke jira, ya sha zagi a kai, ya ƙera shingen falle-falle. Kowane falle yana da ƙafafu masu tsini da ake takawa su nutse a ƙasa, da 'yan kunnuwa a gefe inda ake zura sanda a haɗa shi da na kusa. Ya matse tsakanin ƙarafan yadda bakin Auta ba zai shiga ba, ya lanƙwasa saman yadda ba za ta sami wurin dafawa ba, ya sa raga a ƙasa. Ya bi kowane baki da magagari har ya yi santsi, don kada ya yagi fatar akuya ko zanin Inna. Da ya ɗaga na farko ya ji ya yi wa tsoho nauyi, sai ya yanke shi ya sake daga farko. Hasken walda ya shiga idanunsa har suka kumbura, ya yi kwanaki yana ganin duniya dishi-dishi. Amma shinge ya fito, wanda ya gan shi sai ya tsaya ya shafa.

Aka kawo shinge gida, sai ga wata sabuwa. Shu'aibu ya ce a kewaye akuya, Inna ta ce ba mai sa mata 'ya a kurkuku tana da rai. Nafi'u ya ce to a kewaye mangwaro, Malam ya ce shi ke nan, a gidansa shi ne za a killace da kayansa, akuya ta yi ta yawo kamar ita ta gina gidan. Ƙarfe ya zauna jingine da bango, Malam ya koma kan buzunsa, samari biyu suka fita suna zufa.

Aka aika wa Ladidi. Ta nemi izinin mijinta ta taho da goyo a bayanta. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta gaida ubanta, ta ci tuwon uwarta, ta zagaya tsakar gidan tana kallo. Da safe ta ce wa yayyenta kada a kewaye komai, a jera fallayen miƙe daga wannan bango zuwa wancan, a bar falle ɗaya ya zama ƙofa a daidai rijiya. Mangwaro ya faɗa gefe guda, akuya da inuwar darbejiya suka faɗa ɗaya gefen.

Ta je ta durƙusa gaban Malam ta ce, "Baba, leƙo ka gani, an tsare akuya a bayan ƙarfe."

Ta shiga ɗakin Inna ta ce, "Inna, an rufe mangwaron Baba, Auta ta sami fili."

Kowannensu ya fito ya duba daga inda yake tsaye, ya ga lallai abin ɗan'uwansa ne a bayan shinge. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kuma ba wanda ya janye maganarsa. Sannan ta ƙara da wata. Ta ce shingen ba na zama wuri ɗaya ba ne: ranar shanya a matsar da shi, in inuwa ta juya a bi ta da shi, in za a yi taro a kwashe a jingine. Ta kuma hana yayyenta zuwa yin wannan aiki, alhali ta san sai mutum biyu yake yiwuwa, ɗaya ya riƙe falle ɗaya ya zura sanda a kunnuwa. Ta koma Funtuwa ta bar tsofaffi biyu da shingensu.

Ranar da Inna ta tashi shanya gero, ta yi ta kokawa da falle ita kaɗai. Malam yana kallo daga kan buzu, har dai ya miƙe ya kama ɗaya gefen. Maganar farko da ta shiga tsakaninsu bayan makonni ita ce, "Ɗaga can kaɗan, Malam." Ya ɗaga. Da yamma tuwo ya shigo har cikin ɗaki.

Shekaru suka ɗan tura. Mangwaro ya yi tsawo ya wuce bakin akuya, aka cire shingen aka kai bayan ɗaki aka kewaye zogale da yakuwar Inna, maƙwabta ma suna zuwa aro in sun yi sabon dashe. Auta ta haihu, 'ya'yanta suna tsalle a gindin bishiyar da aka kusa yanka uwarsu dominta. A furen farko iska ta kaɗe kusan duka, ɗa guda ne ya tsaya. Malam ya ɗaure shi a cikin ƙyalle saboda jemagu har ya nuna. Ranar da ya tsinke shi ya kai hanci, sai ga ƙamshin garkar ubansa, hawaye ya zubo masa bai ɓoye ba.

A gidansu ɗan fari na bishiya ba a yanka shi a raba, mutum ɗaya ake ba shi sukutum. Malam ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta girgiza kai ta ce, "Ba nawa ba ne, Malam. Ka ba wanda ya sa har yau ina cikin gidan nan."

Aka tara yaran. Malam ya zauna da mangwaro a hannu yana dubansu. In ya dubi Shu'aibu sai ya tuna ba don shi ba da ba wanda ya yi tunanin ƙarfe, kuma gidansa ya hana wa kansa ya kawo. In ya dubi Nafi'u sai ya tuna ƙarfen nan sanduna ne kawai a kura, hannunsa da idonsa ne suka mai da su abin da ya gagari akuyar da ta gagari ƙaya da zana da itace. In ya dubi Ladidi sai ya tuna shingen ya gama haɗuwa amma yana jingine da bango ba shi da amfani, sai da ta san inda za a kafa shi da abin da za a faɗa wa kowa. Su ukun kuma kowa ya sunkuyar da kai yana nuna ɗan'uwansa. Har aka kira la'asar mangwaro na hannun tsoho, ya kasa miƙa wa kowa.

To, jama'a, yanzu na sakar muku baki. Mangwaro ɗaya ne, kuma ba a yanka shi. Tsakanin wanda ya kawo tunani da ƙarfe, da wanda ya ƙera, da wadda ta kafa, wa Malam Sallau zai miƙa wa?