Maginin da Ya Haƙa Maɓoya a Ƙarƙashin Gidansa

An yi wani mutum, magini, wanda ba a ja da shi a kan sana'arsa. Idan ya ɗora igiyar awo a jikin bango ya ce a rushe, rushewa ake yi, ko da gini ya kai tagogi. Dattijo ne kuma a majami'a, shi ake ba karatun Nassi saboda kyan muryarsa. Gidansa da hannunsa ya gina shi, bene ne, nauyinsa a kan wani babban ginshiƙi da ke tsakiya, jikin ɗakin ajiya. A ciki yake zaune da matarsa, da 'ya'yansa mata biyu, da mahaifiyarsa wadda ciwon ƙafa ya zaunar.

Ya 'yan'uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba, bai nemi matar kowa ba. Ku kasa kunne ku ji zunubin da ya ci shi.

A wata shekara labarin yaƙi ya yi yawa a rediyo. Yau a ce an kai hari can, gobe a ce abinci ya yi wuya can. Maginin ya koma ga annabawa, yana karantawa yana gwadawa da abin da ya ji. Inda aka ambaci takobi da yunwa da annoba, nan yake tsayawa ya maimaita. Inda annabi ya juya ya yi alkawarin salama ga mai dogara ga Ubangiji, sai idonsa ya zame ya wuce. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ko ƙofa iska ta buga, sai ya zabura.

Sai ya ƙudura zai yi wa iyalinsa maɓoya. Ya fasa daɓen ɗakin ajiya, ya shiga haƙa. Ƙasar da ya tono, a buhunan siminti yake ɗurawa ya fitar da ita, don kada maƙwabta su gane.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, wai me muka ajiye a ƙarƙashin ƙasa? Tukwanena duk sun sha ƙura."

Ya ce, "Ceton ranku nake nema. Wanda ya sassaƙa jirgi kafin ruwan tufana ma dariya aka yi masa."

Ta ce, "Shi ai Allah ne ya ce ya sassaƙa. Kai wa ya ce maka ka haƙa?"

Ya ci gaba da buga diga.

Da ramin ya yi zurfi, ya ga ba zai ɗauki iyalinsa da buhunan hatsi da durom ɗin ruwa ba. Dole a faɗaɗa. Gefe guda harsashin gidan maƙwabci ne, gefe guda ramin bayan gida. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wajen ginshiƙin.

To, akwai doka a wurin magina, wadda muka taras tun daga iyayenmu: ba a kwashe ƙasar da ginshiƙi ya zauna a kanta. Wannan mutumin ya san ta fiye da kowa. Ya sha korar lebura daga wurin aiki saboda ya kusanci gindin ginshiƙi da shebur. Amma ya ce wa kansa, "Kaɗan zan ci, in tokare da katako, in rani ya yi in zuba kankare."

Ya kira amininsa, wani kafinta, ya kawo masa katakon tokara. Kafintan ya sauka ramin, ya haska tocila, ya ga gindin ginshiƙi tsirara. Ya fito da sauri yana kakkaɓe riga.

"Aboki, kanti za ka buɗe wa ɓeraye? Ban da wasa, ka cike ramin nan. Damina ta kankama. Kai ne fa ka koya mana wannan."

Maginin ya ce, "Kai da ƙusa da zarto ka sani. Ka san abin da ke tafe wa duniya?"

"Ban san na duniya ba. Na san abin da ke tafe wa gidan nan."

Maginin ya sa kafintan ya yi masa alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ya tokare, ya shigar da hatsi, ya shimfiɗa tabarmi. Kuna tsammani ya sami kwanciyar rai? Bai samu ba. A da yaƙi kaɗai yake tsoro. Yanzu yana tsoron yaƙi, yana tsoron ruwan sama, yana tsoron kada maƙwabta su sani su zo neman wuri.

Ruwa ya yi ta zuba har ƙasa ta ƙoshi. Wata rana da la'asar, sai aka ji wata ƙara daga wajen masana'antu, har gilashin tagogi ya girgiza. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Mutane suka watse a titi, wani na ihu, "An shigo! An shigo!"

Maginin ya ji wani abu mai kama da murna ya taso masa. Ga ranarsa ta zo. Ya tattara matarsa da 'ya'yansa, ya tura su cikin ramin. Babbar 'yar tana cewa, "Baba, ruwa na tsattsafowa ta bango," ya ce mata ta yi shiru ta sauka. Ya ja murfi ya rufe, ya ruga tsakar gida ɗauko tsohuwa.

Ya same ta a kujerarta, tana tsince wake a faifai.

"Inna, taso in goya ki!"

Ta ce, "Ɗan nan, ni ba zan shiga rami da raina ba. Wanda ya riƙe ni tun ina yarinya bai gaji ba. Zauna ka huta, dubi yadda kake haki."

Ya kama kujerar zai ɗaga ta da ƙarfi. A nan ya ji ƙarar katako ya tsage. Kunnen magini ne, bai buƙaci a gaya masa ba. Ya waiwaya, yana ji yana gani ginshiƙin ya nutse, bene ya durƙusa, gidan ya zauna a kan ɗakin ajiya.

Ya 'yan'uwa, a kan idonsa!

Maƙwabta suka zo da shebur, suka afka wa ɗakunan kwana suna tono, domin ba wanda ya san da wani rami. Shi kuwa bakinsa ya ƙi buɗuwa, yana ta yaƙushin bulo da farce. Sai da kafintan ya iso ya nuna musu wurin. Aka ciro ƙaramar 'yar da rai, ƙafarta a murƙushe. Matarsa da babbar 'yar, gawarsu aka fitar.

Ƙarar nan fa? Tankin mai ne ya fashe a wata ma'aikata da ba kowa a ciki. Ba yaƙi, ba maƙiyi. A duk garin, gidansa kaɗai aka yi makoki.

Bai sake riƙe cokalin gini ba. Bai sake tsayawa gaban jama'a ya yi karatu ba. Idan 'yar ta ɗingiso ta kawo masa ruwa, kansa yake sunkuyarwa.

Wannan ba sabon abu ba ne, an yi irinsa tun zamanin annabawa. An yi sarkin da maƙiya suka tasar masa, annabi ya same shi ya ce ya natsu, kada ya firgita. Ya ƙi, ya gayyato babbar daula ta cece shi, ita ce ta zame wa ƙasarsa masifa. An yi mutanen wani birni da suka rushe gidajensu don su ƙara wa garu ƙarfi, suka tara ruwa, amma ba su ɗaga ido ga Mahaliccinsu ba, aka lasafta musu shi laifi.

Ban ce kada a yi tanadi ba. Na ce ku binciki abin da ya tura ku. Annabci ba don ya hana ku barci aka ba ku shi ba. An faɗa muku abin da ke zuwa ne domin ku sani akwai Mai riƙe da shi, kuma duk inda annabawa suka yi kashedi, a nan kusa suka ajiye ta'aziyya. Wanda ya ɗauki kashedin ya bar ta'aziyyar, rabin saƙo ya karɓa, kuma tsoro zai sa shi karya dokar da shi da kansa ya koya wa wasu.

Wa ke haƙa a cikinku yau? Gindin me kuke kwashe wa ƙasa da sunan tsaro? Aurenku ne, ko amanar aikinku, ko bangaskiyarku? Ku ajiye digar tun gidan yana tsaye.

Ubangiji ya kafa zukatanmu a kansa, ya ba mu salamar da labarin yaƙi ba ya girgizawa. Allah ya kiyaye mu daga tsoron da ke sa mutum ya hallaka nasa da hannunsa. Amin.