Masuncin da Ruwa Ya Riƙa Guje wa Gurarsa

Ka taɓa sauka a sabon wuri, ka tarar abin da ka fi iyawa a duniya ya ƙi yi maka aiki? In ka taɓa, matso kusa, wannan labarin naka ne.

Akwai wani mutum, masunci ne ɗan masunci, wanda ya tashi a bakin wani kogi a arewa. Da yashi ya cinye kogin, kifi ya yi wuya, sai ya ɗauki matarsa da ɗan ƙaramin buhun gero ɗaya da gurarsa goma, wato kejin kama kifi da ya saƙa da hannunsa, suka gangara kudu. Suka sauka a wani ƙauye inda rafi yake shiga teku. Ya ce wa matarsa, "Kafin buhun nan ya ƙare za ki gaji da gyaran kifi. In kuwa ya ƙare ban kama ba, mu koma gida."

Matar ba ta son komawa, gama ta san yunwar da suka baro.

Da safe ya shiga ruwa har ƙirji, ya kafa gurarsa yadda ubansa ya koya masa. Da rana ta take ya dawo dubawa, sai ya tsaya baki buɗe. Ruwa ya tafi! Ga gura goma zaune a kan laka, kaguwa suna shiga suna fita, sun cinye dusar da ya zuba. A kogin garinsu ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani. Bai taɓa jin ruwan da ke tashi ya bar mutum tsakanin karin kumallo da abincin rana ba.

Kashegari ya sake wuri, haka ta faru. Ya gwada jefa taru, ya fito da ciyawa. Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ya ce wa matarsa, "Mutanen nan akwai abin da suke yi wa ruwansu."

Akwai kuwa wata tsohuwa mai bandar kifi a bakin gaci, wadda ta koyi Hausa a kasuwa. Kullum tana kallonsa ta cikin hayaƙi, tana girgiza kai. Matar ta ce, "Maigida, ka je ka gai da Iya mana, ka tambaye ta."

Ya ce, "Ni? Kakana Sarkin Ruwa ne. In je in tambayi mai hura wuta inda kifi yake?"

Ta ce, "To, jikan Sarkin Ruwa, geron ya kai gindin buhu."

Ran nan matar ta dama fura da ɗan abin da ya rage, ta kai wa tsohuwar ƙwarya guda, ta durƙusa ta gaishe ta. Ba a jima ba sai ga su tare, tsohuwar tana dogara sanda. Ta dubi masuncin, ta yi dariya, ta ce, "Kai ne mai ciyar da kaguwarmu? Sun yi ƙiba, sun gode."

Kunya ta kama shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ban san ruwan nan ba."

Ta ce, "Yauwa, ɗana. Kwana tara nake jiran wannan magana."

Ta kafa sandarta a laka, ta ce yau kada ya taɓa taru, ya zauna ya kalli sandar kawai. Ya zauna. Ya ga ruwa ya hau sandar a hankali, ya tsaya, ya koma. Ta ce haka yake yi sau biyu kowace rana, kuma kullum yakan ɗan makara a kan na jiya. Gura sai a ƙasa da inda ruwa yake tsayawa in ya janye. Sa'an nan ta bi da shi gefen rafin, tana cewa, "Ɗanɗana ruwan." Ya ɗanɗana, gishiri. Suka ƙara gaba, da sauran gishiri. Can sama, bayan itatuwa, ya ɗiba ya kurɓa, idonsa ya kawo hawaye, domin ruwan daɗi ne kamar na gida. Ta ce, "Nan tarwaɗarka take. Kifin ruwan gishiri kuwa, jefa taru sa'ad da ruwa yake shigowa, tare suke zuwa."

Kwana biyu bayan haka ya cika kwando. Ya zaɓi babbar tarwaɗa ya kai wa tsohuwar. Ta juya ta, ta yaba, ta mayar masa, ta ce, "Kai wa matarka. Ita ta kama wannan da ƙwaryar fura."

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Masuncin nan, mu ne, duk wanda karatu ko aiki ko aure ko bautar ƙasa ya kai shi baƙon gari. Gurar ita ce baiwar da Allah ya ba ka. Ku lura, gurar ba ta da laifi, saƙarta mai kyau ce, da ita ya kama kifin a ƙarshe. Abin da ya kusa mai da shi gida hannu wofi shi ne ƙin cewa "ban sani ba". Ubangiji ba ya kai ɗansa wuri sai ya riga ya ajiye masa wani a bakin gaci. Sau da yawa ba mai babbar riga ba ne: wata Mama ce a zumuntar mata, ko dattijon da ke share ɗakin sujada. Wani ya yi wata shida a sabuwar ikkilisiya, yana cewa ba ƙauna a wurin, alhali bai taɓa tsayawa ya gaishe da kowa ba. Ku ma 'yan gari akwai naku: kwana tara sun yi yawa a zuba wa baƙo ido.

Saboda haka yau, in an tashi sujada, kada ka yi saurin neman ƙofa. In baƙo ne kai, nemi dattijo ɗaya, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ban san ruwan nan ba, nuna mini." In kuwa ɗan gari ne kai, duba wanda ke tsaye shi kaɗai, ka je wurinsa, ka tambayi sunansa.