Koren Haske a Hanjin Ɓera

Akwai wani mai bincike da abokan aikinsa ke kira Dokta Na-Sani, don ba a taɓa fara masa magana ya bari an kai ƙarshenta ba. Ilimi kam yana da shi, ba zan rage masa ba. Kunnuwan ne dai na ado.

Ƙanwarsa ta haifi bakwaini. Hanjin jaririn ya lalace kafin likitoci su gane, Allah ya karɓi abinsa. Da Dokta ya je mata gaisuwa sai ya yi mata alkawarin zai nemo alamar da za ta riƙa tona wannan ciwo da wuri.

Da ɓerayen gwaji ake aikin. A cikin hanji akwai wani furotin mai riƙe kitse, wanda kan nuna halin da hanjin ke ciki idan ya ji rauni. Ido ba ya ganinsa. Sai an yanki hanjin siriri an shimfiɗa a gilashi, a ɗiga masa wani ruwa da ake kira antibodi. Ruwan zai nemo furotin ɗin ya manne masa, wurin ya yi koren haske a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abokiyar aikinsa, wadda kowa ke kira Anti, ta ɗauki 'yar kwalbar antibodin da ya sayo ta jujjuya.

Ta ce, "Dokta, wannan fa don hanjin mutum aka yi shi. Muna da ajiyar hanjin ɓerayen da aka haifa ba su da furotin ɗin. Ka fara gwadawa a kansu. In ya yi haske a can, to ƙarya yake maka."

"Na sani, Anti. Ni ina da alkawari a wuyana, ba ni da lokacin wasan yara."

Ya dukufa. Wata ya bi wata, yana shiga ɗakin ɓeraye yana fitowa da keji cike, yana mayar da shi wayam. Duk gilashin da ya duba sai kore, shar da shi. Ya riƙa kiran ƙanwarsa yana cewa, "Mun kusa. Ɓerayen nan suna mutuwa ne don 'ya'yan wasu su rayu."

Ranar da zai aika da sakamakonsa, da hantsi, Anti ta ɗora wani gilashi a madubin ta ce ya leƙa. Ya leƙa ya yi murmushi.

"Kin gani? Ga furotin nan kamar an zuba da hannu."

"Dokta, wannan hanjin ɓeran da ba shi da furotin ɗin ne. Da ruwanka na ɗiga masa."

Ya sake leƙawa. Hasken na nan, yana nuna abin da babu. Ruwan wani abu daban yake kamawa tun ranar farko, shi kuwa yana ta murna.

Ya miƙe ya nufi ɗakin ɓeraye. Kejojin a jere, an wanke su tas, ba kowa ciki. Amma sai ya ji ƙaras-ƙaras, irin na ɓera yana tonon dusar katako. Ya jawo keji ya duba, ba komai. Ya mayar, ƙarar ta tashi a na bayansa.

Tun daga ranar abin bai sake shi ba. In ya rufe ido a kujera sai koren nan. In ya ɗebi abinci sai ya ji ɗumin ɗan ƙaramin jiki a tafin hannunsa, zuciyar ɓera na bugawa da sauri, ya ajiye cokali. Ni dai ya ba ni tausayi, wallahi, duk da shi ya jawo wa kansa.

Ya fasa aika sakamakon. Abin da ya rage shi ne ƙanwarsa, don haka ya je har gida ya zauna a bakin tabarmarta ya faɗa mata komai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Sai kawai ta ce, "To Yaya, su ɓerayen, don wa suka mutu?"

Har yau bai samo amsar wannan tambaya ba.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta gyara aikin da girman kai ya ɓata. Idan an ce ka gwada kafin ka yarda, tsaya ka gwada, musamman in akwai rai a hannunka, ko da na ɓera ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai shirin cewa ya sani.