Fenti a Kan Tsaga

An yi wani bakaniken kekunan tsere wanda babu mai ja da iya aikinsa. Shi ke kula da kekunan wata ƙungiya ta ƙwararrun 'yan tsere, kuma in ya ɗaure maka keke, to ka hau ido rufe. Aibinsa ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: mutum ne mai mutuwar son a yaba masa. Ko ruwa ya ba ka ka sha, yana so a ji labari a bakin titi. Kalmar "ba ni da shi" kuwa, gara a zare masa haƙori da ta fito daga bakinsa.

Yana da ɗan ƙanwa, wani saurayi dogo siriri da kowa ke kira Tsinke. A shagon kawun nan Tsinke ya tashi, cikin warin giris da man sarƙa, har shi ma ya zama ɗan tsere. Duk duniya babu wanda Tsinke ya yarda da shi kamar kawunsa. In kawu ya ce fari, Tsinke ba ya ma juyawa ya duba.

Ƙungiyar tana da wata ƙa'ida. Duk ƙarshen kakar tsere, akan kwance kekuna a duba firam, wato ƙashin keken da komai ke ɗaure a jikinsa. Wanda aka ga tsaga a jikinsa, koci zai zana masa jan gicciye, bakanike kuma ya sa zarto ya raba shi biyu, don kada wani ya sake hawa.

Wata rana Tsinke ya shiga shagon ya tarar da wani shuɗin firam a rataye da jan gicciye a ƙasansa. Na Bajimi ne, zakaran ƙungiyar, wani ƙato mai cinyoyi kamar turmi.

"Kawu, wannan ai sabo ne. Ko shekara bai yi ba, kuma bai taɓa faɗuwa da shi ba."

Kawu ya yi dariya, ya ɗauko guntun waya ya miƙa masa. "Lanƙwasa ta. Mayar. Sake lanƙwasawa."

Tsinke ya yi ta yi har wayar ta katse a hannunsa.

"To ka gani. Ƙarfe ma yana gajiya, yaro, musamman irin wannan marar nauyi. Duk takun da Bajimi ya yi wa feda, murɗa firam ɗin yake yi. Keken da zai kai wani shekara goma, shi kaka ɗaya ya cinye shi. Dubi nan, bakin walda." Ya nuna masa wata tsaga siririya kamar silin gashi.

"Yau za ka yanka?"

"Zarton ya dakushe. Sai gobe."

Bayan 'yan watanni aka buɗe gurbi ɗaya a ƙungiyar, aka ce za a yi tseren tantancewa, wanda ya zo na ɗaya shi za a ɗauka. Sunan Tsinke ya fito cikin waɗanda aka gayyata. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan, sai dai kekensa tsoho ne mai nauyin tsiya. Ranar da dangi suka cika falon mahaifiyarsa ana taya shi murna, wani ya tayar da maganar keken. Kawu ya gyara zama, ya bugi ƙirji.

"Ina raye ɗan ƙanwata zai hau wannan akwala? A bar min maganar. Sabo fil zan kawo masa."

Falo ya ɗauki shi albarka. Bakin kawu har kunne.

Ana sauran mako guda a yi tseren sai ga shi ya turo wani koren keke yana sheƙi, kuma bai shigo da shi gida ba sai da maƙwabta suka taru a ƙofa. Mahaifiyar Tsinke ta riƙe hannun yayanta tana hawaye, tana cewa, "Yaya, Allah ya bar zumunci." Tsinke ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya ji kamar an ba shi duniya.

A atisaye na biyu ya fara jin wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, a ƙarƙashin ƙafarsa duk lokacin da ya miƙe tsaye a kan feda. Ya wuce shago kai tsaye.

"Kawu, keken nan yana magana in na taka da ƙarfi."

Kawu bai ɗago daga tayar da yake gyarawa ba. "Sabo ne, bai saki jiki ba. Kawo in ɗiga masa mai." Ya ɗiga, ya goge da tsumma, ya mayar masa. Tsinke ya tafi hankali kwance, tunda kawu ya faɗa.

Ranar tsere, Tsinke ya yi abin da ba a zata ba. Da aka shigo miƙaƙƙen titin ƙarshe, shi ne a gaba. Ya hango layin gamawa, ya miƙe tsaye, ya zuba duk ƙarfin da Allah ya ba shi a kan feda. Sai keken ya rabu biyu a ƙarƙashinsa. Bai san abin da ya biyo baya ba, sai farkawa ya yi a gadon asibiti da karyayyen ƙugu.

Ko a nan bai zargi kowa ba. Cewa ya yi ƙaddara ce, har yana tausaya wa kawunsa da ya yi asarar sabon keke.

Kwana biyu bayan haka Bajimi ya zo duba shi, riƙe da wani abu a naɗe cikin riga. Ya gaishe da mahaifiyar, ya zauna, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya warware rigar. Guntun firam ɗin ne. Kwalta ta kankare koren fentin, ga shuɗi ya fito a ƙasa, ga kuma rabin jan gicciye.

"Ƙanena, ka yi haƙuri," in ji Bajimi. "Nawa ne. Wanda aka ce mana an yanka."

Tsinke ya ƙura wa guntun ido. Ciwon da ya ji a lokacin ya fi na ƙugun, don kowace kalma ta dawo masa: wayar da ya katse da hannunsa, zarton da ya dakushe, man da aka ɗiga masa. Mutumin da ya koya masa cewa ƙarfe yana gajiya, shi ne ya ɗora shi a kan gajiyayye.

Da yamma kawu ya shigo da ledar lemo. Yana ganin guntun ƙarfen a kan gado ya tsaya cak.

"Tsaya ka ji, yaro. Sabon da na sa rai bai samu ba, ga shi na riga na yi magana a gaban mutane. Na duba na ga kai ko rabin Bajimi ba ka kai ba. Na ce tsagar da ta buɗe a ƙarƙashinsa, kai ba za ta ma san ka hau ba."

"Ranar da na zo na ce maka yana ƙara, ka san ko mene ne?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Da ka ce min babu, Kawu, da na hau akwalata. Ko na ƙarshe na zo, da ƙafata zan dawo gida."

"Don in faranta maka na yi."

"A'a. Don a ce ka yi, shi ya sa ka yi."

Mahaifiyar ta tashi ta buɗe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Yaya, ɗauki lemonka ka fita."

Ƙungiya ta sallami bakaniken, labari ya bazu, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Tsinke ya warke, amma da ɗingishi, likita kuma ya ce shi da tsere har abada. Wata safiya kawu na zaune a ƙofar shagonsa, babu aiki, ya hango shi tafe yana dogara sanda. Ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe benci, ya matsa gefe. Tsinke ya iso daidai ƙofar, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa kowane dattijo a hanya.

"Ina kwana, Malam," ya ce, ya wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar lafiyar wani, to faɗin gaskiya na cikin aikinsa, ko da za ta kunyata shi a gaban jama'a. Kunyar cewa "ban samu ba" ta yini ɗaya ce, amma aibin da ka sani ka rufe, wanda ya fi yarda da kai shi zai faɗa a kansa, domin shi ne ba zai duba ba. Bakaniken nan ya samu yabon da yake nema na mako guda, ya biya da ƙafar ɗan ƙanwarsa da aikinsa da zumuncinsa. In ka ga tsaga, ka faɗa, ka yanke tun kafin wani ya hau.