Rigar da Alhaji Mode Ya Tuɓe

Akwai wani attajirin albasa da aka yi a wani ƙauye kusa da Dingyadi, a ƙasar Boɗinga, ana ce masa Alhaji Mode. Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, daidai lokacin da rayuwa ta fara tsuke wa mutane, sabulu da madara da shinkafa suka koma sai wane da wane. Ku karanta a natse, jama'a.

Kada in ɗauki alhakinsa, Alhaji Mode ba mugu ba ne. Hannunsa a sake yake, kuma ba a raba shi da sahun gaba. Cutarsa ɗaya ce: yana son a riƙa cewa duk abin da Alhaji Mode ya riƙe ba a taɓa jin abin kunya a cikinsa ba.

Shi ne shugaban kwamitin makarantar Islamiyyar garin. Wata ƙungiya ce daga Sakkwato take turo musu malamai, ita ce kuma ta yi musu alkawarin kwanon rufi, don ajujuwan na tsaye ba rufi, kwano kuwa a wannan tsadar ya fi ƙarfin ƙauye.

Cikin malaman akwai Malam Maniru. Allah ya ba shi murya. In ya ja baƙi da azumi, tsofaffi har hawaye suke yi. Ashe Musa ne a baki, Fir'auna a zuci.

Wata safiya Tani mai fura ta yi sallama a zauren Alhaji. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ladi, wadda ke karatu a makarantar. Ta durƙusa nesa da tabarma.

"Alhaji, ƙara nik kawo. Malam Maniru na tsai da Ladi bayan an tashi, wai ƙarin karatu. Ya ci amanatta, Alhaji. Na kai ta wurin malamar asibiti, ta duba, ta tabbatar min."

Carbin da ke hannun Alhaji ya faɗi ƙasa. Ya yi salati har sau nawa. Amma bari in faɗa muku gaskiya, kafin salatin ya huce a bakinsa, zuciyarsa ta riga ta tafi kan kwanon rufi da kan sunansa. Ya ce wa Tani ta koma gida ta yi shiru, manya za su duba.

An kira Malam Maniru, bai ma iya musu ba. Ya fashe da kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Washegari sakataren ƙungiyar, Malam Mu'azu, ya iso daga Sakkwato a kan babur ɗinsa Besfa, aka shiga zaure aka tura ƙyaure.

"Ranka shi daɗe, a ruhwa asiri," in ji Malam Mu'azu. "In wagga magana tah hita, addini za a zaga, ba Maniru ba. Iyaye su kwashe ɗiyansu, masu neman mu da sharri su samu abin hwaɗi, kwanonku kuma shi bi ruwa. Ku bar muna shi, mu canza mishi wuri."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Alhaji Mode ya numfasa kamar an sauke masa buhu.

"Ku kai shi inda kunka ga dama," ya ce. "Ni kar ma in ji sunan garin."

Ku riƙe wannan maganar tasa, za mu dawo kanta.

Sai wata damuwa ta taso. Malami kamar Maniru ba ya ɓacewa tsakiyar zangon karatu mutane su yi shiru. Aka yanke a yi masa walimar ban kwana bayan La'asar, a ce ƙarin girma ya samu.

Ranar walimar Alhaji ya sa babbar rigarsa ta tsamiya mai aska takwas, wadda ba ya fito da ita sai ranar farin ciki. Ita ya sa ranar sunan jikarsa a wajen Kajiji, inda 'yarsa Safinatu ke aure. A wannan sunan ne garwashin turare ya ƙona gefen hannunta, Safinatu ta zauna ta cike wurin da allura da zare.

Ana cikin addu'o'i Alhaji ya hango wasu dattawa biyu suna raɗa. Ya ɗauka maganar Maniru suke yi. Don ya kashe bakin kowa, sai ya miƙe a gaban jama'a ya tuɓe rigar nan ya sa wa Malam Maniru a wuya. Wuri ya ɗauki kabbara. Kun san a ƙasar nan in babba ya tuɓe rigarsa ya ba ka, ya gama yi maka shaida, babu mai sake tambayar halinka.

Da taro ya watse, Tani na tsaye a ƙofar gidansa.

"Alhaji, kai da albasa ta sana'akka," ta ce, "in guda ta ruɓe, buhu kaka canza mata?"

Ran Alhaji ya ɓaci. "Ke, kama bakinki! In kin tona, wa za shi auri ɗiyakki gobe? Mun yi miki gata ba ki sani ba."

Tani ba ta kama bakin ba. Ta faɗa wa mata a bakin rijiya, ta faɗa a gidan mai unguwa. Aka ce baƙin cikin rashin miji ne ya taɓa mata kai. Wasu suka ce mai cin naman malamai ba ya gamawa lafiya, suka daina sayen furarta. Ladi kuwa ta daina fita ko ƙofar gida.

Kwano ya iso, aka rufe ajujuwa, yana ƙyalli tun daga kan hanya. Alhaji ya bi motar albasa zuwa kudu, ya dawo, damina ta shiga ta fita. A ganinsa magana ta mutu.

Ran nan sai ga ɗan aike a kan babur daga wajen Kajiji, ƙura har gira. Ya ce Alhaji ya zo maza, Inno ba ta da lafiya.

Inno ita ce jikar nan tasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kiran sunanta na yanka, kuma duk cikin jikokinsa babu wadda ta kai ta a ransa. In ya je, kafin ya zauna ta riga ta zura hannu a aljihunsa neman dabino.

Wannan karon babu wanda ya tare shi. Ya shiga ɗakin Safinatu ya tarar da yarinyar kwance, ta juya fuskarta ga bango.

"Inno, tsohuwa," ya ce da wasan da suka saba, "ɗanki ya zaka, ba ki tashi ki amshi dabinonki?"

Jin muryar namiji, sai yarinyar ta ƙanƙame jikinta ta ja zane ta rufe kai. Alhaji ya tsaya da dabino a hannu, ya rasa inda zai sa shi.

Safinatu ta ja shi zuwa tsakar gida. Idanunta sun kumbura, amma babu hawaye a ciki.

"Baba, wa kab ba rigakka ta tsamiya?"

Alhaji ya ja da baya. Ya zauna a kan turmi.

"Wani malami anka kawo muna makarantar garin ga, Malam Maniru," ta ci gaba. "Ranar Juma'a ta hwarko yas sa rigar. Da yaz zo gaida maigidana nig ga hannun rigar, nig ga ɗinkina, Baba. Nic ce wanga mutumin babana na. Kullum daga tukunyata aka kai mishi abinci. Ni da bakina nir roƙe shi shi riƙa tsai da Inno bayan an tashi, shi ƙara mata karatu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kawai Alhaji yake iya maimaitawa.

"Ban gama ba. Ana tsakar damina wata mata ta zaka daga garinmu, Tani mai hura. Akuyatta tas saida tay yi kuɗin mota. Direban da yak kwaso kayan malamin tab bi da tambaya har tag gano garin ga. Gida gida taka shiga tana hwaɗin ku tsare ɗiyanku. Da tas shigo nan, ni nik kore ta. Nic ce mata babana ba shi tuɓe rigatai shi ba mutumin banza."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Baba, ka sani?"

Jama'a, duk duniya babu tambayar da ta fi wannan nauyi. Alhaji ya ce, "Na sani." Safinatu ta ɗora hannu a ka ta kurma ihun da sai da maƙwabta suka shigo da gudu.

A nan zan tsaya in faɗi abu ɗaya. Kada wani ya rubuta mini a ƙasa cewa alhaki ne ya kama Alhaji ta kan jikarsa. Inno ba ta yi wa kowa laifi ba, Ladi ma haka. Manya ne suka kama kura, maimakon su ɗaure ta sai suka buɗe mata wani garken, suka kuma sa mata riga.

Mutanen garin sun riga sun tsare Malam Maniru a gidan hakimi. Kafin yamma sai ga Besfar Malam Mu'azu. Ya ja Alhaji gefe, ya sassauta murya.

"Ranka shi daɗe, yanzu abin ya zama na gida. Jikakka ta. A ruhwa asiri, mu canza mishi wuri."

Alhaji ya ji kalmomin nan kamar yau aka fara faɗa masa su. Sai wata tambaya ta faɗo masa, wadda ya kamata ya yi tun tuni.

"Malam Mu'azu, kahin ku kawo muna shi, daga ina kunka ɗauko shi? Kuma mi yar raba shi da can?"

Malam Mu'azu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin Besfa.

"Ba ku na na hwarko ba, Alhaji."

Nan Alhaji ya gane. Ashe shi ma wani shugaban kwamiti ne a wani gari ya ce kada ya ji sunan garin, aka sauke masa Maniru a ƙofa.

An kai magana gaban alƙali. 'Yan kwamiti suka yi ta aiko wa Alhaji baki, wai ya tuna girmansa, ya tuna makaranta. Bai saurari kowa ba. Ranar shari'a kotu ta cika har tagogi, aka shigo da Malam Maniru, rigar tsamiya a ninke a hannun ɗan sanda.

Alƙali ya tambaya, "Rigar wa ce wannan?"

Alhaji Mode ya miƙe. "Tawa ta, Allah shi gahwarta Malam. Na san abin da yay yi wa ɗiyar Tani, nis sa mishi ita don mutane su yi shiru. A hwara rubuta sunana." Sannan ya ambaci 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci Malam Mu'azu, ya roƙi a tambayi ƙungiyar garuruwan da malamin ya zauna kafin nasu.

Aka ɗaure Maniru. Aka sauke Malam Mu'azu, aka rushe kwamitin. Iyaye daga wani gari da ba a ma kira ba suka zo da kansu suka faɗi nasu. Makarantar kuwa ba ta mutu ba, addini ma babu wanda ya zage shi. Abin da aka ce ana tsoro bai faru ba.

Bayan shari'a Alhaji ya taka da ƙafa zuwa gidan Tani, da 'yar shara a jikinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar yadda ta taɓa durƙusa a zaurensa. Ladi na jin muryarsa ta shige ciki.

"Tani, na zaka neman gahwara."

Tani ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Yaya jikin yarinyar?" ta tambaya.

"Har yanzu ba ta magana."

"Tawa ma ta daɗe haka. A bar mata su riƙa zama kusa da ita, kar a matsa mata." Sannan ta ce, "Ranar da ɗiyakka tak kore ni, na ga yarinyar a zaure da allonta, tana min dariya. Nit tsaya bakin hanya cikin ruwa ina kallonta har tas shiga makarantar. Na yi kira, Alhaji, babu wanda yaj juyo. Ni ba ni da riga, baki ɗai gare ni."

Alhaji Mode ya kifa fuskarsa a ƙasa yana kuka, babu mai ba shi haƙuri.

Darasi: Rufa wa azzalumi asiri ba kare addini ba ne, miƙa masa yaron wani ne, kuma ba ka san ko na wa ba. Makaranta ko masallaci ko ƙungiyar da ta canza wa mai laifi wuri maimakon ta kai shi gaban hukuma, ita ma mai laifi ce, a tuhume ta. In yaro ko uwa suka kawo kuka, a saurare su ko da ba su da kowa. Ku tura wa iyaye da malamai da 'yan kwamitin makarantun unguwarku, wataƙila akwai wata Tani da ke kira yanzu ba a juyo ba.