Ɓerayen Likita Awal da Gasarar Salamata

Akwai wata mata a unguwar Kpangalam, cikin garin Sokodé na ƙasar Togo, sunanta Salamata. Shara take yi a ɗakin binciken Likita Awal, inda ake kiwon fararen ɓeraye da ke jan ƙafa, waɗanda jikinsu ke yaƙar jijiyoyinsu. Likita yana auna kashinsu don ya ga yadda ƙananan halittun hanjinsu ke sauyawa.

Irin ciwon ne ya kwantar da mijinta Alidu a gidan iyayensa a Dapaong. Mutumin da ya saba ɗaukar ta a keke zuwa kasuwa, yanzu ko takalmi ba ya iya sa wa kansa.

Sau uku ta durƙusa a gaban Likita Awal. "Likita, don Allah ka duba mini shi."

"Ni ɓeraye nake dubawa. Ɗauki tsintsiyarki."

Ana haka ƙasa ta rikice, aka shiga yajin aiki, motocin Lome suka daina zuwa. Likita ya tsallaka iyaka, abincin ɓeraye ya ƙare.

Maƙwabciyarta Amariya ta ce, "Ke, mutane na gudu, kina renon ɓera? Ko sun biya sadakinki ne?"

"Yaya, in suka mutu likita ba zai dawo ba. Wa zai duba Alidu?"

Ta raba gasarar kokonta mai tsami da su. Ba ta isa duka ba, sai ta ba sauran dusa. Don kada ta rikice, ta ɗaura jan zare a kejin masu cin gasara. Wata biyu tana kwana da yunwa.

Da likita ya dawo ya ji tsami, sai ya daka mata tsawa. "Kin lalata mini aikin shekara uku! Fita!"

Ta tafi Dapaong tana kuka.

Bayan kwana tara, tana wanke wa Alidu ƙafa, mota ta tsaya a ƙofa. Likita ne, hula a hannu.

"Ɓerayen da ke kejin da kika ɗaura wa jan zare sun fi motsi, halittun hanjinsu ma daban. Ban san dalili ba tukuna, kuma ban ce magani ba ne. Amma ba don zarenki ba da ban gani ba. Ki yafe mini. Ina maigidan?"

Alidu ya kasa tashi. Likita ya durƙusa a inda take durƙushe, ya goya shi har mota don ya tafi ya duba shi.

Darasi: Kada ka raina mai tsintsiya, wataƙila shi ke riƙe da aikinka ranar da ka gudu. Ku tura wa wanda ke jinyar masoyinsa, ya san ana ganin haƙurinsa.